Rufin Keken Hajiya Rabi

Ƙyauren farko da na rataya wa keke mai ƙafa uku, sau uku ina sauke shi. A Apo ne, cikin Abuja, a garejin Oga Danjuma, can ƙarshen layin masu walda inda ruwa ke kwanciya da damina. Na auna, na yanka, na ɗaure, na rufe ya rufu. Oga ya taso daga kan tsohuwar tayar da yake zama, ya sa yatsa ɗaya ya tura ƙyauren. Bai shiga ba sai da ya ƙara da tafin hannu. Ya ce in sauke. A karo na huɗu ne ya shige da yatsa ɗaya, sannan ya gaya mini dalili: matar da za ta riƙa rufe ƙyauren nan hannunta ɗaya yana kan sanda, ɗayan yana riƙe da jakar ofis.

Na fara da wannan ne saboda samarin da ke zuwa wurina yanzu suna cewa in koya musu rufe keke, kamar abin da ake gamawa cikin sati biyu. A ganinsu kwano ne da ƙyaure biyu da gilas, a fesa fenti a karɓi kuɗi. Ni ma haka na ɗauka. Sunana Sale, daga Zariya na zo, kuma ba yaro na zo ba. Na yi shekara bakwai ina waldar ƙofofi da tagogi a gida, ina da mata da 'ya ɗaya. Lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula, Abuja sai gini take yi ta ko'ina, kowa na cewa mai sana'ar ƙarfe ba zai rasa abin yi ba. Na shiga garejin Oga ina jin kaina ƙwararre. Ya miƙo mini wani lanƙwasasshen gefen mota da guduma, ya ce in miƙar. Kafin azahar na mayar da shi kamar faranti da aka taka. Shekara uku na yi a ƙarƙashinsa kafin ya bar ni in yanka ƙarfe ba tare da ya duba layin allina ba.

Oga Danjuma mutumin Yangoji ne, Gbagyi, gajere mai faɗin kafaɗa. Kirista ne, ba ya aiki ran Lahadi, amma ran Juma'a shi yake fara kashe janareta ya ce mu tafi masallaci. Hausarsa irin ta mutanen nan ce, mace da namiji duk "kai" yake ce musu, mota ma "shi" ce. A Kaduna ya yi koyo wurin masu gina bodin bas. Gudumominsa bakwai ne, kowace da aikinta, har da ta icen ƙirya da ya sassaƙa da kansa don alminiyam. Yana da buhun yashi da ake ɗora kwano a kai a buga shi ya yi ciki, da guntun ƙarfen titin jirgin ƙasa, da almakashin kwano da ba ya ara wa kowa. Amma abin da ya fi ba makwabta dariya shi ne sikeli. Sikelin masu sayar da hatsi ne, ya rataye shi a rumfa. Duk abin da zai hau jikin keke sama da kujera, ko da hannun ƙyaure ne, sai ya hau sikelin nan tukuna. Keke ƙafa ɗaya gare shi a gaba. In ka yi masa nauyi a ka, kwana ɗaya mai kaifi ta isa ta kwantar da shi.

Wata Asabar da hantsi tasi ta tsaya a bakin gareji, wata mata ta fito da sanduna biyu. Ita ce Hajiya Rabi. Mutumiyar Katsina ce, ma'aikaciya a wata ma'aikatar tarayya, shan inna ya kama ƙafafunta tun tana ƙarama. Tana zaune a wajen Kuchigoro, kan hanyar filin jirgi. A lokacin an hana 'yan acaɓa shiga tsakiyar gari, keke ya cika unguwanni, motar haya kuwa da safe sai mai ƙarfin gudu. Ta ce mana takan tsaya a bakin titi sama da awa ɗaya, direbobi su hango sanduna su wuce, saboda shigarta da fitarta suna cin lokaci. Motar da ake tuƙawa da hannu kaɗai daga waje ake kawo ta, albashinta bai kai nan ba. Amma ta lura cewa keke totur ɗinsa a hannu yake, kuloci da giya a hannu, birki ne kawai a ƙafa, kuma ƙasansa bai da tsawo, za ta iya hawa da kanta. Ta riga ta sayi sabo. Abin da take so a mayar mata da birki hannu, a kuma rufe shi, don ba za ta shiga ofis da taɓon damina a zani ba. Gareji uku suka yi mata dariya kafin wani ya nuna mata layinmu.

Oga bai yi dariya ba. Ya sa aka kawo benci, ya roƙe ta ta nuna masa yadda take zama da yadda take tashi, ya auna tsawon sandunanta, ya ba ta filaya ya ce ta matse iya ƙarfinta don ya san ƙarfin hannunta. Sati shida aikin ya ci. Birkin kaɗai ya cinye biyu. Ya samo hannun birki na babban babur, ya ƙara masa tsawo, ya gwada, ya kwance, ya sake, har sai da keken ya riƙa tsayawa cak da matsar yatsu huɗu. Bodin kuwa da kwali muka fara yin sa gaba ɗaya, muka liƙa, ta zo ta shiga ta fita, aka rage nan aka ƙara can, sannan aka taɓa ƙarfe. Siririn bututu muka yi ƙashi da shi, muka lulluɓe da alminiyam, tagogi masu zugewa don zafi, da wata 'yar ma'ajiya a gefen dama inda sanduna ke shiga su tsaya. Aka fesa masa ruwan toka don kada a ɗauka na haya ne.

A filin da ke bayan gareji ta koyi tuƙi, kwana tara. Ba mace ce mai son a lallashe ta ba. In keken ya mutu mata a giya ɗaya, sai ta ɗaga hannu kada kowa ya matso, ta tayar da kanta. Da ta iya, ta je da kanta ta yi gwaji ta karɓi lasisi. Takardun keken sun sa shi a jerin babura, don haka lasisin babur aka ba ta, da lambar mai zaman kansa. Ranar da ta fara zuwa aiki da shi, masu gadin ma'aikatar sun tsaya suna shawara ko a wurin motoci za ta ajiye ko a wurin babura. Ta ajiye a wurin motoci, kusa da ƙofa, kuma nan ya zama wurinta.

Shekara biyu muka yi cikin alheri saboda keken nan. Duk inda ta tsaya sai an tambaye ta wa ya yi. Mai gidan burodi ya kawo guda biyu, wani mai kemis ya kawo ɗaya don kai magani, haka dai. Oga ba ya karɓar fiye da ɗaya a lokaci guda, don haka masu gaggawa suka koma wa wasu. Nan da nan rabin layinmu ya zama na masu rufe keke. Ba su da sikeli, ba su da kwali. Ƙarfen ƙofar gida suke sawa, mai kauri, saboda mai kaya yana ƙwanƙwasawa ya ji nauyi ya ce aiki ya yi kyau. Wasu har da akwatin kaya a saman rufi. Oga yakan tsaya ya bi su da kallo in suna fita, yana girgiza kai. Ya je ya yi wa biyu daga cikinsu magana, suka ce baƙin ciki yake yi.

Sai aka shiga shekarar da aka tsananta dokar hular kwano. Waɗanda suka ga lokacin sun san abin da aka yi: wani ya kifa ƙwarya a ka, wani bokitin fenti, wani hular 'yan gini, duk don a wuce shinge. Masu keken haya mai tamfol ba a cika kula su ba. Amma keken Hajiya ya rikita jami'an hanya. Wani ya leƙa ya ga ƙyaure da gilas ya ɗaga mata hannu ta wuce. Na gaba ya duba takarda ya ga an rubuta babur ya ce ina hula. Takan amsa musu cewa a cikin ɗaki take zaune, da rufi a kanta. Gaskiyar magana ma, ko ta so sawa ba za ta yiwu ba, don mun yi rufin daidai tsawonta da ɗaurin ɗankwalinta, ba wurin hula.

Ana cikin haka wani keke daga cikin masu nauyin nan ya kife a wani shataletale, ɗauke da mata 'yan kasuwa uku. Ba gudu yake yi ba, kwana kawai ya sha. Rufin ya lotsa ya sami direban a ka, ƙyamaren suka cije, sai da aka nemo mai walda ya yanka kafin a fitar da mutane. Direban ya rayu, amma bai sake aiki ba. Cikin sati aka ba da umarni a kama duk keken da aka rufe, ba tambayar wa ya yi shi.

Wannan ita ce mummunar shekararmu. Mai gidan burodi ya dawo da nasa biyun ya ce a cire bodin kafin a ƙwace masa. Ni na riƙe injin yanka, na datse abin da muka yi wata biyu muna ginawa, Oga yana zaune yana kallo. Alminiyam ɗin a kilo aka sayar wa masu tukwane. Na koma waldar tagogi da gyaran baro. Akwai satin da janareta bai tashi ba ko sau ɗaya. Oga yakan tafi Yangoji ya yi kwana huɗu a gonar doya, ya dawo da buhu ya raba mana, da shi muka ci gaba da ɗora tukunya.

Keken Hajiya ran Litinin aka kama shi, da safe, tana hanyar ofis. Aka sauke ta a bakin titi da sandunanta da jakarta, aka ɗora keken a kan motar ja. Ba ta yi kuka ba, ba ta roƙi kowa ba, ta dai karɓi takardar laifin ta karanta har ƙasa. Bayan kwana uku ta zo gareji da fayil, ta ce ta sami ganin babban mai duba ababen hawa, kuma tana so wanda ya yi aikin ya raka ta. Oga ya sa rigarsa ta zuwa coci. Ni na ɗauki kwalayen awo.

Mutumin da muka gani ana ce masa Injiniya Yakubu, dattijo ne siriri mai furfura, da ƙaramar guduma a aljihun wando. Bai karɓe mu a ofis ba, ya ce mu je inda keken yake, a wani fili cike da kamammun babura. Aka kawo wa Hajiya kujera. Ta buɗe fayil ta yi bayani a natse, kamar mai karanta rahoto. Laifi uku aka rubuta mata: rashin hular kwano, tuƙa mota da lasisin babur, da shiga gari da keken haya. Ta ce na ukun lambarta ta isa amsa, ba haya take yi ba. Na farko da na biyu kuwa ba za su haɗu a kan abu ɗaya ba. In babur ne, lasisinta daidai yake. In mota ce, ba a tambayar mai mota hula. A zaɓi ɗaya.

Injiniya ya saurara har ta gama, ya ce ta yi gaskiya, waɗanda suka rubuta dokar ba su taɓa ganin irin wannan abin ba. Sannan ya zagaya keken yana ƙwanƙwasa shi da gudumarsa. Ya durƙusa ya duba birki ya daɗe. Ya sa mutum biyu su ɗaga gefe ɗaya ya ga inda nauyi yake. Ya karɓi kwalayen hannuna ya jujjuya, ya tambayi nauyin rufin, Oga ya faɗa masa daga ka. Na ga fuskar mutumin ta saki. Ya ce shi ba suna ne ya dame shi ba. An sa wa mai babur hula ne don ba komai tsakanin kansa da kwalta. An yafe wa mai mota don rufin mota yana ɗaukar faɗuwa. Sai ya juya wajen Oga.

"Malam Danjuma, kai ka yi shi. In wannan ya kife, rufin zai riƙe?"

Hajiya ta ɗago ta dubi Oga. Ni ma na dube shi. A yadda Injiniya ya yaba aikin, kalma ɗaya ta isa a ba ta makullinta a ranar.

"Ba zai riƙe ba, Yallaɓai," in ji Oga. "Na yi shi don kada ya faɗi. Amma rufin na ruwa ne da rana. In ya faɗi, zai lotsa."

Injiniya ya mayar da gudumarsa aljihu, ya ce to ba zai iya sa hannu ba. Oga ya roƙe shi abu ɗaya, a ba shi keken ya kai gareji a kan motar ja, a ba shi wata ɗaya, sannan Injiniya ya zo ya gani da idonsa. Mutumin ya yi ɗan tunani ya yarda.

A bakin ƙofa, muna jiran tasi, Hajiya ta yi magana ba tare da ta dube shi ba.

"Baba, na kawo ka ne ka tsaya mini."

"Na tsaya maka, Hajiya," ya ce. "Shekara biyu kana ciki ban yi wannan tambaya ba. Shi ya yi. Ba zan yi masa ƙarya a kan kanka ba."

Ta shiga tasi ta tafi, kuma sati uku ba mu ji daga gare ta ba. Ni kaina raina ya ɓaci, don ina ganin ya rufe mana ƙofar da ta rage. Na faɗa masa a hanya. Ya ce in ajiye maganar, gobe da sassafe za mu shiga kasuwar 'yan gwangwan.

Kwana biyu muka yi muna tonon tarin ƙarfe kafin ya sami bututun da yake so, mai kauri, marar ɗinki, daga jikin wata tsohuwar bas. Lanƙwasa irin wannan bututu ba a yi masa ƙarfi. Sai ka cika cikinsa da busasshen yashi, ka toshe baki biyu da ice, ka gasa wurin da kake so har ya yi ja, ka ja shi a hankali a jikin tsohon wilin mota. In yashin yana da danshi, tururi zai harbo toshiyar kamar bindiga. In ka yi sauri, kwanar ta tsuke, ƙarfinta ya tafi. Muka lanƙwasa guda biyu kamar baka, ɗaya a gaban direba ɗaya a bayansa, muka haɗa su ta sama, ƙafafunsu suka sauka har kan ƙashin keken na asali. Wannan ya ƙara nauyi a sama, abin da Oga ya fi ƙi. Don haka muka rama a wani wuri: batir ya koma ƙasan kujera, gilasan gefe suka zama na roba, aka rage kujerar baya. Muka ciro bel ɗin kujera daga wata motar da ta yi hatsari, muka naɗe bututun da soso a duk inda kai zai iya kaiwa. Muka yi wa bayan keken ƙaramar ƙofa da ake buɗewa ta waje, ko da na gefe sun cije.

Oga bai yarda ya kira Injiniya a kan zato ba. Ya sayi gawar wani keke da tifa ta buge, muka yi mata irin wannan ƙashin daidai, muka ɗaure buhun yashi da bel a mazaunin direba, muka ɗora kabewa a kai a matsayin kai. Bayan Apo akwai ramin da tifofi ke ɗibar jar ƙasa, mai gangare. Muka tura ta daga sama. Ta juya sau biyu ta tsaya, muka sauka muka tarar bakan baya ya ɓalle daga gindi, kabewar ta fashe. Waldata ce ta karye. Na yi ta ne yadda nake yin ta ƙofa, kyakkyawa a ido, wutar ba ta shiga ciki ba. Oga ya ɗauki guntun ya nuna mini cikinsa, fari tas inda ƙarfe bai narke ba. Bai yi faɗa ba. Ya ce in gurje bakin bututun ya yi kamar bakin fartanya, in cika sau uku, in ƙara ɗan kusurwar ƙarfe a kowace ƙafa. Ya kuma ce ni zan sake yi, har da ta keken Hajiya, shi ba zai taɓa ba. Kwana huɗu ina ƙona sandar walda a kan guntaye, ina karyawa da babbar guduma ina duba ciki, kafin na koma kan aikin.

Injiniya Yakubu ya zo ran Asabar, cikin kayan gida, a tasa motar. Hajiya ma ta zo, ta zauna a bakin ramin a kan bencin da muka ɗauko mata, gaisuwa kawai ta haɗa ta da Oga. Rabin masu waldar layinmu sun biyo mu kallo, har da waɗanda suka ce baƙin ciki yake yi. Injiniya da kansa ya ja bel ɗin ya ɗaure buhun. Muka ɗora sabuwar kabewa, muka tura gawar keken. Wannan karon sau uku ta juya, ƙura ta tashi, ta tsaya a kan rufinta, tayoyi a sama. Dattijon nan ya gangara ramin da takalminsa mai kyau. Ya ja ƙofar baya ta buɗe, ya leƙa, ya fito da kabewar a hannu ba ko tsaga. Ya auna tsakanin bakan da kujera da tef ɗin awon Oga, ya rubuta a ɗan littafinsa. Da ya hau sama sai ya miƙa wa Hajiya kabewar, ya ce ta kai gida a yi miya.

Abin da ya ce mana bayan nan shi ya sa har yau nake girmama shi. Ya ce zai rubuta cewa ya duba keken, na mai zaman kansa ne, lasisinta ya yi, a sake shi. Amma hula ba shi ya kafa dokarta ba, ba shi da ikon yafe ta da bakinsa. Zai rubuta wa na sama da shi abin da ya gani, ya nemi a yarda bel ya wadatar a wannan keken. Kafin amsa ta zo, sai ta sa. Hajiya ta ce ai rufin ba zai ɗauki hula ba. Oga ya ce ta shiga ta gwada. Ya riga ya ɗaga rufin da faɗin yatsu huɗu tun muna lanƙwasa bututu, bai gaya wa kowa dalili ba. Da muka koma gareji ta zauna a cikin kekenta, ta ɗaga hannu ta taɓa sama, sannan ta tambaye shi inda ake sayar da hula mai kyau.

Wata biyar tana zuwa ofis da hular kwano a kan ƙaramin ɗankwali, ta cire a wurin ajiye motoci ta gyara ɗauri a madubi. Sannan amsa ta zo, takarda ɗaya mai hatimi, ta sa aka lulluɓe ta da roba ta ajiye a gaban keken. Ba doka aka canza ba, keke ɗaya aka yi wa izini. Amma ta buɗe hanya. Masu lalurar ƙafa suka fara zuwa ta hannunta, ɗaya bayan ɗaya, kowanne mu gina masa, mu kai wa Injiniya ya duba, ya bi layin takarda. Ba mu koma yawan aikin da ba, sai dai janareta ya ci gaba da tashi. Shi ya sa in saurayi ya zo koyo nake fara tambayarsa abin da takardar keken ta kira shi, da irin lasisin mai shi, da abin da zai sami kan mutumin in abin ya kife. Wanda ya ga tambayoyin sun yi masa yawa, akwai masu waldar ƙofa a layi na gaba.

Hasken walda ya ci idon Oga a hankali. Da ya kai ba ya ganin layin alli, ya bar mini garejin da gudumominsa ya koma Yangoji. Bayan wasu shekaru Hajiya ta yi ritaya, za ta koma Katsina. Ta zo ta ce in raka ta ta yi masa sallama, kuma ita za ta tuƙa. Na zauna a baya, muka bi ta Gwagwalada, tireloli suna wuce mu iskarsu tana kaɗa mu, ita ko a jikinta. Muka same shi a gindin mangwaro yana gyara irin doya. Tun kafin mu tsaya ya ɗago kai, ya gane ƙarar injin.

Bayan gaisuwa da ruwa, ta tsokane shi. Ta ce shekara goma sha ɗaya ke nan keken bai taɓa ko karkacewa ba, ya sa ta yi wata ɗaya a tasi da wata biyar cikin hula saboda faɗuwar da ba ta zo ba. Ya yi dariya ya ce ya gode wa Allah da ba a gwada shi ba. Ita ma ta yi dariya, sannan ta ce da gaske ta zo ne ta gaya masa ta daɗe da sanin shi ne ya tsaya mata a ranar. Ya sunkuyar da kai, ya ce a kai shi wurin keken.

Na kama hannunsa na kai shi. Ya shafa rufin, ya ja bel ɗin, ya kama bakan baya ya girgiza da ƙarfinsa. Sannan ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin kujera har gindin bututun, ya bi waldar da yatsa daga wannan gefe zuwa wancan. Ya daɗe a haka.

"Wannan na Sale ne," ya ce.

Na ce nawa ne, Oga.

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya karkaɗe ƙasa daga wandonsa, ya juya wajen Hajiya.

"Kai shi Katsina," ya ce. "Zai riƙe."